Tsohuwar kwamfuta ta yi nauyi: SSD za a fara sa mata ko RAM?

Ibro: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka daga nan Yamai. Yau ni da Hadiza mun jawo Malam Mamman, mai gyaran kwamfuta ne mutumin Tawa, saboda tambayar da kuka cika mu da ita a WhatsApp, wai ordinater ta tsufa tana ja kamar ba ta so, a yar da ita ko a ƙara mata ƙarfi.

Mamman: Wa alaikumus salam, na gode da kunka kira ni.

Hadiza: Malam ni dai abin da nake ji kullum shi ne ƙara RAM, ƙara RAM, kowa ka tambaya haka zai ce maka.

Mamman: Wagga magana ta ci kuɗin mutane ƙanwata. Galibin injunan da aka kawo mini ba RAM ce matsalar farko ba, wato ƙwaƙwalwar da inji ke riƙe aikin da ka buɗe, diski ne, wurin ajiyar fayiloli. Tsohon diski dur faifai ne ke juyawa cikinai, sau 5400 a minti guda, da wani ɗan hannu shina bin shi shina neman fayil, in ya yi ƙoƙari ƙwarai ya ba ka megabait ɗari a sakan, SSD kuwa, sabon irin diski marar faifai, na SATA mai shiga ramin tsohon diski yana kai wajen 500. Kuma ba ma nan ne abin yake ba, lokacin da Windows ke tashi dubban ƙananan fayiloli take karantawa, wanga nan wancan can, faifan sai ya yi ta kai da kawo, shi ko SSD babu abin da ke motsi cikinai sam.

Ibro: To ya mutum zai gane nasa injin wanne ke damunsa tun kafin ya tafi kasuwa?

Mamman: Ba sai ka biya kowa ba. Ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, tunda yawancin namu da Faransanci suke za ka ga Gestionnaire des tâches, ka shiga Performances. Ka buɗe abin da ka saba buɗewa, Chrome da Word da sauransu. In diski ya tsaya a 100% bai sauka ba alhali RAM na da sauran wuri, to diski ne. In RAM ce ta cika ta kai wuya, nan ne za ka yi maganar baret, wato ɗan katin RAM da aka saƙalawa cikin inji.

Hadiza: In duka biyun ne fa, kuma kuɗin abu ɗaya gare ni?

Mamman: SSD. Ko na 256 GB ne. Ni ban taɓa sa wa mutum SSD ya dawo ya ce bai ga bambanci ba, amma RAM sau da yawa mutum ya ƙara ya dawo shina hushi. RAM kamar teburin tela ce, in ya yi faɗi ka shimfiɗa yadi da yawa lokaci guda, amma faɗin tebur bai sa yaron da ka aika ɗauko yadin ya yi sauri. Ga mai 4 GB dai in hali ya samu daga baya ya kai ta 8, ya ishe shi karatu da aikin ofis.

Ibro: Malam ni inda nake tsoro wajen sayen baret ɗin ne, duk kama suke min wallahi.

Mamman: Haba yayana ai ba su kama ko kaɗan. Na kwamfutar hannu gajere ne, DDR3 ƙafafu 204 gare shi, DDR4 kuma 260, kuma tsagin da ke tsakiya ba wuri guda yake ba, don haka in bai shiga ba kada ka matsa, ba nashi ba ne. Tarkon da ya fi kama mutane shi ne DDR3 da DDR3L, su kam suna shiga rami guda lafiya lau, amma DDR3 volt 1.5 yake ci DDR3L 1.35, kuma injunan Intel na zubi na 4 da yawa DDR3L suke so, ka sa ɗayan allo ya ƙi kawo komai ka ɗauka ka kashe inji. Ka duba takardar da ke manne ga baret, in ka ga PC3L shi ne, in PC3 kawai ba shi ba ne. Ko ka sa manhajar CPU-Z, kyauta ce, ta gaya maka abin da ke ciki da ramuka nawa gare ka.

Hadiza: Kowane inji ne ake iya ƙara wa?

Mamman: A'a. ThinkPad T420 da T430 irin na 2011 da 2012 ramuka biyu gare su, suna ɗaukar har 16 GB. MacBook Air kuwa RAM ɗinta a like take da allon ciki, yadda ka saye ta haka za ta mutu, kuma siraran injuna da yawa haka suke. Sai kuma Windows ɗin kanta, in mai 32 bit ce ko ka zuba mata 8 GB ba ta ganin sama da 4, ba ta ma cika 4 ɗin ba.

Ibro: Su kuma SSD siraran nan masu kama da cingam?

Mamman: M.2 ke nan, su ma iri biyu ne, akwai SATA akwai NVMe, wani ramin guda kaɗai yake karɓa, sai ka duba littafin injinka a intanet da lambar samfurinai. Tsoffin injuna dai mai inci 2.5 ne nasu. Kuma in na hannu za ka saya, okaziyo, ka ce mai shago ya buɗe maka manhajar CrystalDiskInfo ka ga awoyi nawa ya yi aiki da lafiyarsa, in ya ƙi ka kama gabanka.

Hadiza: Tsohon diskin fa, da hotunan biki da duka takarduna na makaranta?

Mamman: Kada ki goge shi. Ki sa Windows sabuwa kan SSD, shi kuma a sa shi cikin ɗan akwatin USB ya zama wurin ajiya, ko in injin na da wurin DVD a cire a sa shi nan, akwai abin riƙo da aka yi don haka, mai kauri milimita 9.5 ko 12.7. Kuma tunda an riga an buɗe, don Allah a cire batiri tukuna, a hure fanka, ƙurar hunturu da zafin Afrilu na garin nan su kaɗai suna sa inji ya rage gudu da kanshi don kada ya ƙone.

Ibro: Saura maganar Windows 10, na ji Microsoft ta daina kula da ita.

Mamman: Tun 14 ga Oktoba 2025. Windows 11 kuma tana neman TPM 2.0, wani ɗan sashen tsaro ne cikin inji, da Intel zubi na 8 zuwa sama, SSD da RAM ba su canza wannan. Wanda injinai bai kai ba, ni Linux Mint nike sa mishi madadin Windows in dai intanet da rubutu ne aikinsa.

Hadiza: To Malam wannan kam sai ka sake dawowa, don ni ko bakin Linux ban sani ba.

Ibro: Sai mako mai zuwa jama'a, ku turo lambar samfurin injinku mu ba Malam ya duba.