Hanci Da Ido: Me Likita Ke Nema?

Binta: Jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Tun da muka yi maganar yaron nan na Agege a Legas da ya faɗo daga acaɓa ya daina jin ƙamshi, saƙonni ba su tsaya ba. Tambayar ɗaya ce: me ya haɗa buguwar kai da daina jin ƙamshi? Dakta, ga ki ga masu sauraro.

Dakta: Yawwa. Jijiyoyi 12 ne ke fitowa daga ƙwaƙwalwa, kowacce dama da hagu. Ta farko ita ce ta sansane, wato jin ƙamshi da wari. Zarurrukanta sirara ne ƙwarai, suna bi ta wani ƙashi a rufin hanci mai ƙananan hudoji kamar rariya. In kai ya bugu da ƙarfi, ƙwaƙwalwa ta girgiza, sai zaren ya tsinke a nan. Raunin waje ya warke, amma mutum ya ce miya ba ta da daɗi, domin yawancin daɗin abinci ta hanci yake shiga.

Alhaji: Kamar lokacin korona, a 2020.

Dakta: Kusan haka, sai dai dalilin daban. Gwajin kuma ba wuya. Ka rufe ido, ka toshe ƙofar hanci ɗaya, in kawo maka kanumfari ko ɓawon lemu ko sabulu, ka faɗa mini mene ne. Sai mu koma ɗaya ƙofar.

Alhaji: Ni a kawo mini yajin tsiren Obalende, ko a barci zan gane shi.

Binta: A'a Alhaji, burodin Agege da zafinsa, da asuba!

Alhaji: Burodi? Ki bi ta kasuwar Mile 12 ranar da motar albasa ta sauka daga Aliero. Wannan ko mai mura ya ji.

Binta: To tattasai fa, in ya kwana biyu a kwando?

Alhaji: Wannan kuma wari ne, 'yata, ba ƙamshi ba.

Dakta: To ku tsaya, yajin nan ma ba ya aiki. Duk abin da ke yi wa hanci raɗaɗi, yaji ko amoniya ko man zafi, jijiya ta biyar ce ke ɗaukarsa. Sai mutum ya ce ya ji, alhali ta farkon ta mutu. Abin da ke damuna, wannan gwajin shi aka fi tsallakewa, ga shi kuwa raguwar sansane kan riga cutar Parkinson, mai sa karkarwar jiki, bayyana da shekaru.

Binta: Ido fa?

Dakta: Jijiya ta biyu ke nan. Allon haruffan nan da kuke gani a asibiti, wani likitan ido ɗan Holan, Snellen, ya fito da shi a 1862. Ana tsayawa nisan mita 6, ido ɗaya bayan ɗaya. In an rubuta 6/6, lafiya lau. In 6/60 ne, abin da mai lafiya ke karantawa daga mita 60, sai ka matso mita 6. Wanda bai yi boko ba, akwai allon da zai nuna da yatsa ina harafin ya fuskanta, don haka kada kunya ta hana kowa zuwa. Amma allon kaɗai bai isa ba. Sai mu zauna fuska da fuska, ka kalli hancina, ina kaɗa yatsa daga gefe. Gilakoma, wadda ake ce wa hawan jinin ido, daga gefe take fara ci, ba ciwo, kuma abin da ta cinye ba ya dawowa. Na ga direban da ke karanta layin ƙasa tsaf, amma bai ganin keke a gefensa. Wallahi ranar ban ji daɗi ba.

Alhaji: Subhanallahi. Tocilar da kuke haskawa fa?

Dakta: In na haska ido ɗaya, ɗan baƙin tsakiyar idanun biyu duka zai tsuke. Ta biyu ta kai saƙo, ta uku ta dawo da amsa. Sannan mu leƙa can ciki mu ga kan jijiyar, in ya kumbura, wataƙila akwai matsi a cikin ƙoƙon kai, wannan kuwa ba a kwana da shi. Saura gwajin launi...

Binta: Dakta, an kira Magariba. Launin sai mako mai zuwa.

Dakta: To, amma a gaya wa iyayen yaron nan su mayar da shi asibiti, a duba masa ido ma.