Zaton tsutsar ciki a jikin da ba ya karɓar magani

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena maza da mata, malaman asibiti, da masu kemis da na hango can baya, barkanku da yamma. Allah ya saka wa waɗanda suka tara mu da alheri.

Maganar da aka ce in yi yau ta shafi wasu bayin Allah da ke tsaka mai wuya. Mutum ne cikinsa kullum a kumbure, yana ƙugi, jiki na ƙaiƙayi, yana ramewa, duk wanda ya gan shi sai ya ce ai tsutsar ciki ce. Ga shi kuma jikinsa ba ya karɓar abubuwa da dama. Ya sha nono ciki ya ɓaci, ya ci gyaɗa ko ƙwai borin jini ya taso, ya taɓa shan wani magani leɓɓansa suka kumbura. Yana tsoron tsutsar, yana tsoron maganinta. Irin wannan mutum ba a yi masa magani da kirdado. Mai lafiyayyen jiki in ya sha ƙwayar da ba ya buƙata, galibi kuɗinsa kawai ya yi asara. Shi kuwa wannan, kowace ƙwaya sai an samu hujjar ba shi ita.

Kada wani ya ce na raina tsutsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum biliyan 1.5 ne ke ɗauke da tsutsotsin da ake ɗauka daga ƙasa, wato macijin ciki da 'yan'uwansa. Akwai wadda ke shiga ta tafin ƙafa ta maƙale a hanji tana tsotsar jini har mutum ya ɗashe. Akwai tsila, da ake samu daga naman sa da bai gasu ko bai dahu sosai ba. Akwai tsargiya, mai sa fitsarin jini, wadda ke fitowa daga dodon koɗin ruwa, kuma duk wanda ya yi aiki a yankin noman rani na Kura da Kadawa ko bakin madatsar Bakolori ya san ta. Amma ku lura, kowacce da maganinta. Albendazol da ke kashe macijin ciki ba ya taɓa tsargiya, ita sai prazikwantel. Ƙwayar cutar da ke sa wani nau'in atuni ko gudawa mai kumfa kuma ba tsutsa ba ce ma, maganinta metronidazol, wanda kuka fi sani da Flagyl. Wanda ya shiga kemis ya ce a ba shi maganin tsutsa kawai, wacce daga ciki yake nufi?

Shi ya sa gwaji ya zama farko. Hausawa sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Macen macijin ciki ɗaya tana zuba ƙwai kusan 200,000 a rana, don haka in yana nan, da wuya ya ɓoye wa madubin ɗakin gwaji. Wasu kuwa ba kullum suke fitowa a bayan gida ba, shi ya sa muke cewa a kai sau uku a ranaku daban-daban, a kai shi da ɗuminsa, ba wanda ya kwana ba. Fitsarin gwajin tsargiya ana ɗaukarsa tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, lokacin da ƙwan ya fi fita, kuma kada a zubar da ɗigon ƙarshe. Sannan akwai gwajin jini da ke ƙirga wani nau'in farar ƙwayar jini da ake kira iyosinofil. Wannan yana rikita mutane ƙwarai, domin tsutsa tana ɗaga shi, borin jini da asma ma suna ɗaga shi. Mai borin jini sai ya ga adadinsa ya hau ya ce shi ke nan, an kama tsutsa. A'a, wannan gwajin shi kaɗai bai yanke hukunci ba.

Wani abu da nake so masu matsalar nono su ji da kyau. Akwai ƙwayar cuta mai suna jiyardiya da ake sha a gurɓataccen ruwa. Tana lalata fatar cikin ƙaramin hanji, inda ake narkar da sukarin madara. Mutumin da tun yana yaro yake shan fura da nono lafiya lau, sai rana tsaka ya ga nono na sa shi kumburi da gudawa. Wannan ba borin jini ba ne, hanjin ne ya ji rauni, kuma bayan an kashe cutar yakan ɗauki makonni kafin ya koma daidai. A nan cutar ce ta jawo rashin karɓar abincin, kuma gudun magani ƙara tsawaita wahala yake yi.

To mu zo kan kalmar da nake ji kullum a ɗakin duba marasa lafiya: likita, maganin nan ba ya karɓa ta. Idan na ce me ya faru, sai amsoshi su rarrabu. Wata ta ce Flagyl ya sa mata ɗacin ƙarfe a baki da tashin zuciya. Wannan halin maganin ne, da yawa suna jin haka, kuma shansa bayan cin abinci yana ragewa. Wani ya ce prazikwantel ya juya masa kai ya murɗe masa ciki, da aka bincika da yunwa ya sha. Dattawanmu sun tuna ƙaiƙayin kulorokwin, wanda ya yi yawa a tsakanin baƙar fata, shi ma ba borin jini na gaskiya ba ne. Akwai kuma abin da mutuwar tsutsar kanta ke jawowa. Wanda ke da cutar makantar bakin kogi in ya sha ivamektin, wato Mectizan da kamfanin Merck ke bayarwa kyauta tun 1987, 'ya'yan tsutsar da ke cikin fatarsa suna mutuwa da yawa lokaci guda, sai ƙaiƙayi da zazzaɓi da kumburi su taso na 'yan kwanaki. Wannan maganin ne dai aka yi ta rabawa har Jamhuriyar Nijar ta zama ƙasa ta farko a Afirka da aka tabbatar ta kawar da cutar, a farkon 2025.

Wanda ke ba mu tsoro daban yake, kuma iri biyu ne. Ga na farko. Mutum ya sha magani, cikin mintuna ko sa'a guda jiki ya yi rudu-rudu, leɓe ko harshe ya kumbura, murya ta shaƙe, numfashi ya yi ƙara, jiri ya kwashe shi. Masu kemis, don Allah ku saurare ni nan. Piriton ba ya tsayar da wannan. Abin da ke ceton rai shi ne allurar adrenalin a tsokar cinya, nan take, a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, in numfashi ya tsananta a bar shi ya zauna, sannan a garzaya asibiti. Na biyu kuma ba ya zuwa da gaggawa. Bayan kwanaki ko makonni da fara magani sai zazzaɓi, ido ya yi ja, baki ya yi gyambo, fata ta fara saɓulewa kamar ƙuna. Likitoci na kiransa ciwon Stevens-Johnson, kuma magunguna masu salfa irin su Septrin da Fansidar suna cikin waɗanda aka fi sani da shi, haka wasu magungunan farfaɗiya. Wanda wannan ya taɓa samu, shi da wannan maganin har abada. A rubuta sunansa a takarda a sa a aljihu, a gaya wa mata ko miji, a gaya wa 'ya'ya, kuma ma'aikacin lafiya ya kai rahoto ga NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna.

Akwai kuma na gado, ƙarancin sinadarin G6PD a jini, wanda ya yi yawa a ƙasarmu, musamman a maza. Wasu magunguna, da ƙwallon kafur da ake sakawa cikin akwatin kaya, suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin irin wannan mutum, fitsari ya yi duhu, ido ya yi shawara. Gwaji ɗaya ke nuna shi.

Ga abin da zai kwantar wa wasunku hankali. Albendazol ƙwaya ɗaya mai miligiram 400, ko mebendazol mai 500, kaɗan daga cikinsu ne ke ratsawa cikin jini, yawancin aikinsu a hanji suke yi, kuma borin jini na gaskiya daga gare su abu ne mai wuyar samu. Rashin karɓar ƙwai ko gyaɗa ko kifi bai hana mutum shansu ba. Haka wanda Septrin ya taɓa cutarwa, ba danginsu ɗaya ba. Idan gwaji ya nuna tsutsa kuma mutum yana da tarihi mai nauyi, abin da muke yi ba mai wahala ba ne. Ya zo asibiti da safe, ba da dare a gida ba. Magani ɗaya tak a ranar, kada a haɗa da wani sabo, kada ya ci abincin da bai saba ba, domin in wani abu ya taso mu san mai laifi. Ya zauna gabanmu sa'a ɗaya ko biyu, adrenalin na kusa. A kuma karanta takardar cikin kwali, don wani lokaci launi ko ɗanɗanon da kamfani ya ƙara ne jiki ke ƙi, sai a sauya na wani kamfanin. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mutum ya gutsuri rubu'in ƙwaya yana sha kullum a gida wai yana sabar wa jikinsa. Rubu'in bai kashe tsutsa ba, kuma ya isa ya tayar da borin jini ga wanda ke da shi.

Yanzu abin da ya fi damuna a duk wannan lacca. Masu borin jini da asma sukan saba da shan deksametason ko firednisolon, domin suna kwantar da ƙaiƙayi da sauri. 'Yan mata kuma suna shan irinsu don ƙiba, abin da ake kira sha ka fashe. Akwai wata siririyar tsutsa mai suna sitironjiloyidis da ke iya zama a jikin mutum shekaru da dama, tana hayayyafa a ciki, gwajin bayan gida na yau da kullum ma yakan tsallake ta. Garkuwar jiki ce ke danne ta. Da zarar waɗannan magunguna sun sassauta garkuwar, sai ta bazu zuwa huhu da jini, tana jan ƙwayoyin cutar hanji tare da ita, kuma da yawa ba sa tashi. Maganinta ivamektin, amma shi ma da sharaɗi. 'Yan'uwanmu fatake da suka zauna a dazuzzukan kudancin Kamaru ko kudu maso gabashin Najeriya, musamman wanda ya taɓa ganin tsutsa ta gitta farin idonsa, lallai ya faɗa wa likita. Waccan tsutsar ido, in ta yi yawa a jini, ivamektin na iya jawo ciwo mai tsanani a ƙwaƙwalwa. Sai an gwada jini tukuna.

Na san da yawa suna gudun asibiti su koma jiƙe-jiƙe, suna ganin na itace ba ya cutarwa. Ina girmama iyayenmu masu maganin gargajiya. Amma gyaɗa ma ai tsiro ce. Jarka ɗaya da aka haɗa maɗaci da dogon yaro da jar kanwa da saiwoyi kala-kala, in ta kumbura maka fuska, wanne za mu ce ka guda? Kuma babu wanda ya auna ƙarfinta. Hanta da ƙoda su ke biyan bashin.

Batun abinci kuma, ina ganin mutane suna yanke wannan, suna yanke wancan, har su koma farar shinkafa da ruwan zafi. Mutumin da tsutsa ta riga ta tsotse wa jini, ya bar wake da nama da zogale da alayyahu, ramar da zai yi sai ta fi ta tsutsar. A riƙe littafi, a rubuta abin da aka ci da abin da ya biyo baya. Abin da ya taɓa shaƙe maka numfashi, kada ka sake gwada shi a gida ko kaɗan. Wanda kuwa kumburin ciki kawai yake sawa, a ajiye shi mako biyu zuwa huɗu, sannan a dawo da shi shi kaɗai a gani. Masu matsalar madara da yawa suna iya shan kindirmo kaɗan, don tsamin ya rage sukarin.

Idan kuma an yi gwaji sau uku babu komai, ba cewa muke ƙarya kake yi ba. Ciwon na nan, sanadinsa ne daban. Olsa, ciwon sukari, ciwon hanta ko ƙoda, ƙarancin jini, shan tiramadol ko kodin, duk suna kawo ƙaiƙayi ko ɓacin ciki. Akwai ma masu jin kamar wani abu na tafiya a ƙarƙashin fatarsu, su sha maganin tsutsa wata bayan wata ba sauƙi. Wannan ma ciwo ne da ke da maganinsa, kuma asibitocin koyarwa kamar na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya suna da likitocin fata da na ciki da za su bi diddigi.

Na ga Hajiya ta ɗaga hannu. Bismillah, Mama.

Likita, jikana ne ƙwai ke tayar wa borin jini, kuma an ce za a raba maganin tsutsa a makarantarsu. In hana shi? Sannan surukata na da ciki wata biyu, ita ma tana so ta sha.

Mama, rabon makaranta ana yinsa ba tare da gwaji ba saboda maganin mai sauƙi ne kuma yara da yawa na ɗauke da tsutsa. Ƙwai bai hana jikanki sha ba. Ki ba shi abinci ya ƙoshi da safen, musamman in da na tsargiya a ciki, ki kuma sanar da malaminsu. In dai ya taɓa shaƙewa, ko wannan maganin kansa ya taɓa kumbura shi, ko yana da farfaɗiya, to ki kawo shi asibiti ya sha a gabanmu. Surukarki kuwa ta dakata. Ba a shan albendazol a watanni uku na farko. Ta je awo, in cikin ya shiga wata na huɗu ungozomar asibiti za ta ba ta tare da maganin ƙarin jini. Wa ke da tambaya ta gaba? Malam, kai da ke bakin ƙofa.