Kiɗan Punk a Gaban Jama'a: Abin da Kunne Ke Nema a Cikin Hayaniya

Assalamu alaikum. Shugaban zama, malamaina, 'yan'uwa ɗalibai, barkanku da yamma. Na gode da kujerar da aka ajiye mini, amma da izininku a tsaye zan yi, don abin da na zo da shi ba a jin sa a zaune.

Bari in fara wanke kaina. Bakin Bahaushe ba ya raba "pa" da "fa", saboda haka in kun ji na ce "fank", kada ku ɗauka na James Brown nake nufi, wanda yayyenmu suka taka a zamanin wando fantalo. Wannan daban ne. Punk ake rubuta shi, kiɗan samari ne da ya tashi a Niyok da Landan tsakanin 1974 da 1977. Kalmar kanta zagi ce a Turancin Amurka, kamar ka ce wa yaro tantiri, su kuwa suka ɗauka suka rataya a wuya. Kayan aikinsu ba yawa: jita ɗaya, wata jitar mai kaurin murya, ganguna, sai mai waƙa, wanda sau tari ko muryar ma ba shi da ita.

Lokacin da suka taso, gari ya yi zafi. A 1975 saura ƙiris birnin Niyok ya kasa biyan bashin da ke kansa. A Birtaniya a shekarar nan tsadar kaya ta haura kashi 20 cikin 100, marasa aiki suka wuce miliyan 1, a 1976 kuma gwamnati ta kai ƙoƙon bara asusun IMF. Manyan makaɗan rock na lokacin kuwa suna can filayen ƙwallo, waƙa ɗaya minti 20, faifai ɗaya wata da watanni a situdiyo. Yaron da ya gama makaranta ba aiki, ina shi ina wannan? A farkon 1977 wata 'yar mujalla da ake bugawa da hannu, Sideburns, ta zana hanyoyi 3 na kama tsirkiyar jita, ta ce to ga su nan, je ka kafa ƙungiya. Iyakar karatun ke nan.

Tambayata ta yau ita ce: me ya sa faifan da aka ɗauka a wurin wasa, wanda duk injiniyan sauti zai ce maka ya fi na situdiyo muni, shi ne masu son kiɗan nan suka fi riƙewa? Ɗan'uwa, kunna mana na farko.

(An kunna faifai na kamar minti biyu.)

Ya isa, na ga wasu iyayenmu a gaba sun fara toshe kunne. (Dariya.) Abin da kuka ji an ɗauke shi ne daren 31 ga Disamba 1977, a zauren Rainbow da ke arewacin Landan. Ƙungiyar Ramones ce, samari 4 daga unguwar Forest Hills a Niyok. Ba uwa ɗaya ba uba ɗaya, amma kowa ya laƙaba wa kansa Ramone. Faifan ya fito a 1979 da sunan It's Alive: waƙoƙi 28 cikin kimanin minti 54. Ku yi lissafi, in aka raba daidai kowace ba ta cika minti 2 ba.

Ni dai ba waƙoƙin nake so ku kula da su ba. Ku kula da tsakaninsu. Waƙa ta ƙare, lasifika na nan tana gunji, jama'a sun ɗaga hannu za su yi tafi, kafin tafin ya kankama sai Dee Dee, mai jita mai kaurin muryar, ya ƙwala ihu: ɗaya, biyu, uku, huɗu! An faɗa wata. Ba godiya, ba hira, ba shan ruwa. A faifan situdiyo akwai shiru mai tsabta tsakanin waƙa da waƙa, ka numfasa. Nan an hana ka numfashin, kuma hanin shi ne daɗin. Sannan ku saurari hannun Johnny a kan jita. Ƙasa kawai yake duka, ba ya bugawa in zai ɗago, kamar taɓarya a turmi, haka har kusan awa guda. Duk wanda ya taɓa daka ya san abin da kafaɗa ke ji a minti na 40. Kunnenka na jiran ya gaji. Wannan jiran, situdiyo ba ta iya sayar maka da shi, domin a can kowa ya san in hannu ya sage sai a tsaya a sake.

Yanzu yadda ake ɗauka, don kada mu tara su duka a kwando ɗaya. Masu kuɗi kan kawo mota guda cike da na'urori a ajiye bayan zaure, a ja waya, kowane kayan kiɗa da layinsa. Haka aka yi wa Ramones. Akwai kuma wanda ake zarowa kai tsaye daga miksa, na'urar da injiniya ke haɗa sautuka a kanta. Shi wannan yana da abin mamaki: a ƙaramin ɗaki amfilifayar jita ta riga ta cika kunne, don haka injiniya ba ya saka ta sosai a miksa, sai ka ji murya da ganga sun yi tsirara, jita can nesa, 'yan kallo kuwa kamar ba su zo ba. Na ukun shi ne nawa: yaro ya ɓoye 'yar rikoda a cikin riga ya shiga. Allurar awon ƙarar rikodar ta shige ja tun waƙar farko ba ta dawo ba, sautin ya cushe ya zama dunƙule ɗaya.

Ina da irinsa guda. Na saye shi a wata rumfar gefen titi a Landan ina ɗalibi, ba hoto, ba kamfani, sunan ƙungiyar da biro aka rubuta, rabinsa ma ya goge. A waƙa ta uku wani da ke tsaye kusa da mai rikodar ya yi tari, ya tambayi abokinsa ƙarfe nawa motar ƙarshe ke tashi. Wallahi shekara da shekaru, in na kunna, tarin nan nake jira. Ban san shi ba, ban san ko ya samu motar ba. Amma shi ne ya tabbatar mini cewa an yi daren, mutane sun tsaya a ɗaki ɗaya suna gumi.

Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne a kunnenmu. Wanda ya tashi da kaset ɗin Shata na wurin biki ya san abin da nake faɗa: sanƙira na ratsa waƙa da kirari, guɗa ta tashi ta rufe baiti guda, mawaƙi ya hango wani ya shigo sai ya karkata waƙar kansa nan take. Goge waɗannan, ka ga ko saura ya kai rabin abin. Kiɗan ba iri ɗaya ba ne, ko kusa, amma kunnen da ke neman ɗumin taro a cikin faifai ɗaya ne.

Sai dai a punk taron ba kullum masoya ba ne. Faifan da ya fi nuna haka ya ma riga sunan punk bazuwa. Ranar 9 ga Fabrairu 1974, Iggy Pop da ƙungiyarsa Stooges suka yi wasansu na ƙarshe kafin watsewa, a Michigan Palace da ke Detroit. Kwanaki kaɗan kafin nan ya yi rigima da wasu 'yan daba masu babura. A daren, jifa aka yi ta yi daga cikin jama'a: ƙwai, ƙanƙara, kwalabe. Shi kuma maimakon ya sauka, sai ya tsaya yana yi musu zambo, yana tsokana, a jefo ya rama da baki. Wani ƙaramin kamfani a Faransa, Skydog, ya fitar da shi a 1976 da sunan Metallic K.O. Kiɗan ya lalace, jita ta saki, amma kana jin fashewar kwalba a dandamali. Mutum na tsaye gaban masu son ganin bayansa ya ƙi ja da baya. Kusan dambe ne aka ɗauka, sai dai ba alƙali.

Kada wani ya fita ya ce malam ya yabi iskanci. Akwai ƙazanta da yawa a harkar nan. A Ingila 'yan kallo tofa wa makaɗa yawu suke yi wai alamar so. Joe Strummer na ƙungiyar Clash ya kwanta ciwon hanta a 1978, aka danganta da haka. Wasu sun ɗaura tambarin 'yan Nazi don kawai su ɓata wa iyayensu rai, wauta ce tsagwaronta. Ƙwaya ta kashe da dama, ciki har da Sid Vicious na ƙungiyar Sex Pistols yana ɗan shekara 21. Faifan bai ɓoye wannan ba, kuma shi ya sa nake ɗaukarsa shaida. Shaida kuwa ba sai ta yi kyau ba.

To ga inda gizo ke saƙa. Faifan Ramones ɗin nan da na gama kurantawa, daga baya Marky Ramone, wanda ya karɓi ganguna a 1978, ya ce an koma situdiyo an sake ɗora jita da murya a kai, gangunan ne kawai na daren. Shi ba ya kan dandamali a daren, amma ɗan gida ne, kuma irin wannan gyara ruwan dare ne a faifan wasa na zamanin. Da na fara jin maganar, raina ya ɓaci kamar wanda aka sayar wa zuma da sukari. Daga baya na sake zama da shi. In gangunan na gaskiya ne, to saurin na gaskiya ne, gajeren numfashin nan tsakanin waƙoƙi na gaskiya ne, duk wanda ya zo ɗora jita dole ya bi gudun da daren ya gindaya. Ban yafe duka ba, amma na rage fushi. A 2019 an fitar da dukkan wasanni 4 da aka ɗauka a makon, na Birmingham da Stoke da Aylesbury da na Landan, mai so sai ya gwada da kunnensa.

Har ita hayaniyar wani lokaci shirya ta ake yi. Kulob ɗin Roxy a unguwar Covent Garden kwana 100 ko kusa da haka ya yi yana tashe a farkon 1977. Masu ɗaukar faifansa sun ɓoye makirufo har a banɗaki, suka tsinto hirar yara suka cusa tsakanin waƙoƙi. Sun gane cewa surutun ma haja ne. A faifan nan ne za ku ji Poly Styrene ta X-Ray Spex, yarinya 'yar shekara 19 wadda mahaifinta Basomale ne, muryarta kamar za ta tsaga lasifika. Mai saka faifai a kulob ɗin kuwa Don Letts ne, ɗan asalin Jamaika, reggae yake saka musu saboda faifan punk ɗin ba su da yawa tukuna. Na faɗi haka ne don masu cewa kiɗan Turawa ne zalla. Su nemi wasan Bad Brains, baƙaƙen fata daga Washington, a kulob ɗin CBGB a 1982, su ga gudu.

Na ga shugaba na duban agogo, saura ɗaya. Ranar 14 ga Janairu 1978, Sex Pistols a zauren Winterland na San Francisco, gaban mutum wajen 5,000. Shekara ɗaya da rabi kafin nan, a Manchesta, mutum kamar 40 suka yi wa wasa, kuma daga cikin 'yan tsirarun nan aka samu waɗanda suka kafa ƙungiyoyin Joy Division da Fall da Smiths. Yanzu ga taro ya samu, ƙungiyar kuwa ta mutu a tsaye. Ba sa ga-maciji da juna, Sid ba ya iya riƙe kiɗan, mawaƙinsu Johnny Rotten mura ta kama shi. Da aka nemi ƙari, waƙa ɗaya suka yi, ta Stooges ɗin can na Detroit. Wajen ƙarshe Rotten ya durƙusa, waƙar ta koma magana, maganar ta koma gunaguni. Sai ya yi wata 'yar dariya mara daɗi, ya tambayi jama'a ko sun taɓa jin kamar an damfare su, ya ce musu sai da safe, ya saki makirufo. Cikin kwanaki kaɗan ya bar ƙungiyar.

Ku kasa kunne bayan tambayar, za ku ji ƙarar makirufon a kan katako. Ɗan'uwa, kai mana shi minti biyu na ƙarshe, ka ɗan ƙara murya. Iyayenmu na gaba, a yi haƙuri.

(An kunna faifai.)