Jawabin Maraba ga Mai Girma Minista a Gidan Makama, Kano

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai Girma Minista, ranka ya daɗe, a madadin iyayenmu hakimai da masu unguwanni, da malamanmu, da magina da ma'aikatan lafiya da suka hallara, ina yi maka barka da zuwa birnin Dabo domin buɗe gidauniyar gyaran ganuwa da yaƙi da zazzaɓin cizon sauro, da fatan ka sauka lafiya kuma ka baro iyali lafiya.

Gidan da muka tarbe ka a cikinsa an gina shi ne a ƙarni na 15 domin Muhammadu Rumfa tun yana Makama, kafin ya zama Sarkin Kano a 1463. Ganuwar da ka gani a hanya kuwa ta girme shi nesa ba kusa ba, domin Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya aza harsashinta. Tun 2007 take cikin jerin wuraren da Najeriya ke neman UNESCO, hukumar raya ilimi, kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta amince da su a matsayin wuraren tarihi na duniya, amma wanda ya zagaya ta zai tarar wani sashe ruwa ya cinye, wani an kwashe ƙasarsa, wani kuma gidaje sun hau kansa. Ginin ƙasa ba ya jure sakaci, ranka ya daɗe: da zarar indararo ya toshe, ruwa ya kwanta a kan soro, azara ta ruɓe, sai a wayi gari ɗaurin gugan da ya daɗe a tsaye yana riƙe da rufin ɗaki ya sauko. Abin da ya fi damunmu shi ne maginan da suka san kwaɓin makuba da jera tubali sun manyanta, yara kaɗan ne ke zama a gabansu.

Wani zai tambaya me ya haɗa gyaran ganuwa da zazzaɓin cizon sauro. Mu mutanen cikin birni mun san amsar, domin ƙasar da kakanninmu suka haƙa suka yi waɗannan gine-gine ita ta bar mana kududdufai a tsakanin unguwanni, kuma ruwan da ke kwanciya a cikinsu da cikin kwatocin da suka toshe shi ke raya sauro duk damina. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da wannan cuta a duniya a Najeriya suke, kuma yara 'yan ƙasa da shekara 5 ta fi ɗauka. Mun ga uwa ta goyo yaro yana jijjiga, an rubuta mata allura, ta rasa kuɗin saye.

Saboda haka gidauniyar da za ka buɗe yau za ta kasu biyu. Kaso ɗaya na yaɓe ne da yashe magudanai da biyan magina su koyar da matasa. Ɗaya kason kuma na gwajin jini ne da magani ga yaran marasa hali da mata masu juna biyu, da gidan sauro mai magani. Mun ɗauki alkawarin karanta lissafin kowace naira a bainar jama'a.

Roƙonmu, ranka ya daɗe, shi ne ka sa baki a fara aikin kafin ruwan farko ya sauka. Bayan addu'a, dattawan magina za su zagaya da kai ka ga bangon da ya tsage da idonka. Allah ya ƙara girma, ya mayar da kai gida lafiya.