Yadda Sankarar Mama Ke Kaiwa Ƙwaƙwalwa

(Laccar da wata likita ta yi wa ungozomomi da matan gari a wata makarantar firamare a ƙasar Ringim. An rubuto daga faifan murya.)

Assalamu alaikum. Iyayena na baya, kuna ji na? To madalla.

Ɗazu wata baba ta tare ni a bakin ƙofa, ta ce ciwon da ke mama, me ya kai shi kai? Da tambayarta zan fara.

Ku manoma ne. Wanda ya watsa shinkafa a jigawa ya yi asarar iri, sai fadama. Tun 1889 wani likitan Ingila, Stephen Paget, ya faɗi haka game da sankara: iri ba ya tsira sai ƙasa ta karɓe shi. Ƙwayoyin ciwon kan ɓalle daga ƙullutun su bi jini, yawancinsu su mutu a hanya. 'Yan kaɗan ke samun masauki a ƙashi, huhu, hanta ko ƙwaƙwalwa.

Ita ƙwaƙwalwa Allah Ya yi mata katanga. Bangon jijiyoyin jininta a manne yake gam, ba dangar kara ba ce da kaza za ta kutsa. A 2009 masu bincike a Amurka, ƙarƙashin Joan Massagué, suka gano abubuwa uku da ke taimaka wa ƙwayar ta keta: COX2, HBEGF da ST6GALNAC5. Na ukun nan, faɗin sunansa ma sai an sha ruwa, shi ya fi ba ni mamaki. Asalinsa na ƙwaƙwalwa ne. Ƙwayar sankara ke kunna shi, ya shafa mata wani sukari a jiki, ta manne wa bangon jijiya. Ɓarawo ya sa rigar ɗan gida.

Shigarta ma ba tsira ba ne. Akwai masu gadi, ƙwayoyi masu siffar tauraro da ake kira astrosait, suna tayar da sinadarin plasmin ya kashe baƙuwa. Mai wayo sai ta fitar da nata sinadarin, serpin, ta toshe shi, ta lafe jikin jijiyar jini tana ci. In ta zauna, ta buɗe 'yan kafofi tsakaninta da maigadin, tana aika masa saƙo, har ya koma kare ta daga magani.

Ba kowace sankara ke yawan yin wannan tafiya ba. An fi gani a mai HER2, wata alama da gwaji ke nunawa a jikin ƙwayar, da wadda gwaji bai nuna mata ko ɗaya cikin alamomi uku da ake dubawa a asibiti ba, wato HER2 ɗin da wasu biyu. Abin takaici, katangar nan tana tare magani: trastuzumab ya yi girma, da ƙyar yake ratsawa. Tucatinib, da Amurka ta amince da shi a 2020, ƙarami ne, yana shiga.

Ungozomomi, ku nake so ku riƙe wannan. Matar da aka taɓa yi wa aikin mama, ko da shekaru sun ja, in ta fara ciwon kai da amai da asuba, ko farfaɗiya, ko ɓarin jiki ya saki, kada a tsaya cewa iska ce. A kai ta Dutse ko Asibitin Malam Aminu Kano a ɗauki hoton kai.

Baba, na ga hannunki. A miƙa mata lasifikar.