Jawabin Maraba ga Babanmu Shugaban Ikkilisiya a Ziyararsa ta Kiwo Zuwa Gundumarmu

Babanmu cikin Ubangiji, Shugaban Ikkilisiya, da Mama uwargidanka, 'yan majalisar da suka rako ka, Rabarori, fastoci da masu bishara, dattawan ikkilisiya, Zumuntar Mata, Zumuntar Matasa, mawaƙa da malaman makarantar Lahadi, jama'ar Allah baki ɗaya. Muna gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu.

Baba, barka da zuwa, sannu da hanya. Tun da takardar ziyararka ta iso, babu majami'ar da ba a karanta ta a sujadar Lahadi ba, kuma ka ga da idonka yadda jama'a suka fito tarbarka. Ba sai mun gaya wa kowa ko kai wane ne ba. Makiyayi ne kai tun kafin a ɗora maka wannan nauyi. Mun san wa'azinka, mun san haƙurinka, mun kuma ji yadda kake zama ka saurari ƙaramin mai bishara kamar yadda kake sauraron manyan Rabarori. Allah ya ƙara maka lafiya da hikima, ya ja zamaninka.

Da kwamiti ya zauna rubuta wannan jawabi, wasu sun ce a bar roƙo sai ƙarshe kamar yadda aka saba. Dattawa suka ce a'a, a sa shi a gaba, kada gajiya ta kama Baba kafin a kai gare shi. To ga shi, ranka ya daɗe: muna roƙo a sake buɗe makarantarmu ta Littafi Mai Tsarki, a aiko mana da malami wanda ba shi da wani aiki sai koyar da almajiranci ga dattawa, shugabannin zumunta da sauran masu bi. Duk abin da za ka ji daga nan zuwa ƙarshe, bayanin wannan roƙo ne.

Iyayenmu da suka fara karɓar bishara a nan ba manyan mutane ba ne a idon duniya. Ba su da gini, ba su da fasto nasu, yawancinsu ba su iya karatu ba. A shekarar 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Likita Walter Miller da abokan aikinsa suka daɗe suna yi, kuma da wannan Littafi ne kakanninmu suka koyi haɗa baƙi. Wanda ya iya sura ɗaya sai ya koya wa maƙwabcinsa, shi ma ya koya wa matarsa da 'ya'yansa. Ba su san sunan abin da suke yi ba, amma shi ne abin da Bulus ya umarci Timoti a wasiƙarsa ta biyu, 2:2, cewa ya danƙa abin da ya ji ga amintattun mutane waɗanda su ma za su iya koya wa wasu.

Mu da muka tashi a hannunsu mun ga irin shugabancinsu. Dattijon ikkilisiya shi ne ke fara isowa ya share majami'a, shi ne kuma na ƙarshe da zai tafi. In an yi rashi, shi ke kwana a gidan makoki. In miji da mata sun saɓa, ba ya jira a kawo masa ƙara, da ƙafarsa yake zuwa. Akan ce babba juji ne, kuma su sun yarda da hakan da zuciya ɗaya: kowa ya kawo damuwarsa ya zube musu, su ɗauka su kai gaban Allah. Iyayenmu mata ma haka. Tun kafin a san ana rubuta tsarin zumunta a takarda, tsofaffinsu suna zaunar da sababbin amare suna koya musu riƙon gida cikin tsoron Allah, kamar yadda aka faɗa a Titus sura 2.

Waɗannan mutane ne suka gina makarantar da muke magana a kanta. Ba su roƙi kowa ba. Da hannunsu suka ɗora tubali, da baikonsu suka yi rufi, suka kuma riƙa ciyar da ɗalibai bi da bi. Daga ajin nan ne masu bishara suka fita zuwa wuraren da ba a taɓa jin sunan Yesu ba, wasunsu kuma a can aka binne su. Majami'u da dama da suke tsaye da ƙafarsu yau, har da waɗanda suka fi mu gini da yawan jama'a, ɗaliban makarantarmu ne suka dasa su. Akwai Rabarori a cikin wannan taro da suka fara buɗe Littafin Romawa a kan waɗancan bencina. Muna faɗar wannan da alfahari cikin Ubangiji, kuma muna so ya shiga kunnen 'yan majalisa.

Sai aka wayi gari aka ɗauke malaminmu zuwa wani wuri, aka ce na ɗan lokaci ne, za a turo wani. Baba, yaran da aka haifa a lokacin sun yi aure, har yanzu muna jiran wanin. Mun rubuta, mun tura wakilai, an karɓe su da fara'a, an ce ana duba maganar. Duk da haka ba mu taɓa riƙe kason da ake bukata daga gare mu ba, ba mu taɓa ƙin taro ba, ba mu taɓa ƙin karɓar ma'aikacin da aka turo mana ba. Ba ma zargin kowa a nan. Amma ɗa ba ya ɓoye wa mahaifinsa inda ke masa ciwo, kuma abin ya yi mana ciwo ƙwarai, ganin gundumar da ta koyar da wasu ta koma ba ta da mai koya mata.

Ga abin da rufe makarantar ya jawo. Ana yin baftisma, muna gode wa Allah, amma daga ranar da mutum ya fito daga ruwa koyarwa ta ƙare. Ubangiji kuwa a Matiyu 28:19-20 bai tsaya a baftisma ba, ya ce a koya musu su kiyaye duk abin da ya umarta. Muna da masu bi da suka san waƙoƙi da yawa da ka, amma ba wanda ya taɓa zaunar da su ya nuna musu abin da bin Yesu yake nufi ranar Litinin: yadda mai saye da sayarwa zai riƙe gaskiya, yadda ma'aikaci zai ƙi cin hanci ko da abokansa sun yi masa dariya, yadda mai bashi zai biya, yadda uba zai yi wa ɗansa horo ba tare da ya kashe masa zuciya ba, yadda za a gafarta wa wanda ya yi maka mugunta alhali kuna cin Jibin Ubangiji tare. Da masu karɓar haraji da sojoji suka zo wurin Yahaya Maibaftisma a Luka sura 3, amsar da ya ba su ta aikinsu ce na kullum: kada ku karɓi fiye da abin da aka ƙayyade, kada ku yi ƙwace, ku gamsu da albashinku. Yesu da kansa ya ce mai binsa ya ɗauki gicciyensa kowace rana. Mu kuwa koyarwarmu ta koma ta rana ɗaya a mako, ita ma rabinta sanarwa ce.

Matasanmu ba su zauna haka ba. Da suka rasa malami a gida, sai suka samo malamai a waya. Wasu na kirki ne, wasu kuwa suna koya musu cewa alamar bawan Allah ita ce yawan masu riƙe masa jaka da girman kujerarsa. Yaro ya kwana yana kallon wannan, gobe ka ce masa shugaba bawa ne, sai ya dube ka kamar ka zo da sabon addini.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne ciwon ya shigo cikinmu mu shugabanni. Zaɓen dattawa da na shugabannin zumunta ya fara kama da abin da ake yi a waje: a bi gida-gida da dare, a duba dangi da yare, wanda bai ci ba ya daina zuwa sujada. Wannan ciwo tsoho ne. A Markus 10:35-45 Yakubu da Yahaya, 'ya'yan Zabadi, sun nemi kujerar dama da ta hagu, sauran goman kuma suka ji haushi. Yesu bai kore su ba. Kiransu ya yi ya koyar da su cewa masu mulkin al'ummai suna nuna wa mutanensu iko, amma a tsakaninsu ba haka zai zama ba, domin Ɗan Mutum ya zo ne ya yi hidima, ya ba da ransa fansa saboda mutane da yawa. A daren da aka bashe shi ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafunsu, har da na wanda zai bashe shi. Bitrus da ya ƙi da farko, shi ne daga baya ya rubuta wa dattawa cewa su yi kiwon garken Allah da yardar rai, kada su nuna wa waɗanda aka danƙa musu iko, su zama abin koyi. Koyarwa ce ta juya Bitrus, Baba. Dattawanmu ba mugaye ba ne. An ɗora musu aiki ne ba tare da an taɓa buɗe musu labarin Nehemiya ba, wanda ya yi shekara 12 yana gwamna bai ci abincin da ke haƙƙin gwamna ba saboda tsoron Allah da tausayin jama'a.

Shi ya sa muke sake cewa a buɗe mana makarantar nan. Fastocinmu suna iyakar ƙoƙarinsu, muna kuma gode musu a gabanka, amma mutum ɗaya yana riƙe da majami'u da dama, ga jana'iza, ga ɗaurin aure, ga marasa lafiya. Shawarar da Yetro ya ba Musa a Fitowa 18 ita ce ya zaɓi amintattu ya sa su a kan dubu, da ɗari, da hamsin, da goma. Shugabannin goma-goma ɗin nan ne muka rasa, kuma ba a samun su sai an horar da su.

Abin da muke nema ba baƙo ba ne a tarihin ikkilisiya. A Antakiya, Barnaba da Shawulu sun yi shekara guda cur suna koyarwa, a can ne kuma aka fara kiran almajirai Kirista. A Afisa, Bulus ya yi shekara 2 yana koyarwa kowace rana a makarantar Tiranas, har duk mazauna Asiya suka ji maganar Ubangiji. A shekarar 1742, a birnin Bristol na Ingila, John Wesley da mutanensa suka fara raba masu bi ƙungiya-ƙungiya, kimanin mutum 12 a ƙarƙashin jagora ɗaya wanda ba fasto ba ne, yana bibiyar zaman kowa da Allah mako-mako. Irin wannan muke so mu gani a kowace majami'armu, kuma malami ɗaya mai himma ya isa ya kafa tushensa.

Ba da hannu wofi muka zo ba. Ginin yana nan, matasa sun yi alkawarin gyara rufi da tagogi. Majalisar gunduma ta amince za ta ba malamin masauki ta kuma ɗauki wani sashe na kula da shi. Zumuntar Mata ta ce a sa mata a sahun farko na ɗalibai, muna kuma goyon bayansu, tun da Bilkisu tare da mijinta Akila ne suka ƙara fayyace wa Afolos tafarkin Allah. Mun tsara a riƙa karatu na wata uku-uku da yamma da ranar Asabar, domin mai aiki ya samu zuwa ba tare da ya bar sana'arsa ba. Mu dattawa kuma mun ɗauki alkawari a gabanka: mu za mu fara zama a benci, kuma duk wanda za a tsayar a zaɓe nan gaba sai ya bi ta ajin.

Akwai wasu bukatu, za mu ambace su a taƙaice. Muna roƙo a duba halin tsofaffin masu bishara da gwaurayen fastoci, waɗanda suka ƙare ƙarfinsu a aikin Ubangiji. Muna bukatar littattafan makarantar Lahadi da na ajin baftisma cikin Hausa mai sauƙi. Muna kuma so a riƙa sanar da mu da wuri in za a canja wa ma'aikaci wurin aiki. In majalisa ta ce ba za a iya duka a bana ba, mun yarda a jinkirta sauran, a ba mu malamin.

Baba, Agustin, bishop na Hippo a arewacin Afirka, ya taɓa gaya wa jama'arsa cewa dominsu shi bishop ne, tare da su kuma shi Kirista ne. Ta ɓangarorin nan biyu muke roƙonka: a matsayin shugaba kana da ikon sa hannu, a matsayin ɗan'uwa kuma ka san zafin ganin tumaki ba mai ciyar da su. Idan zai yiwu, kada ka bar mu da "za a duba". Mun ji wannan amsa sau da yawa, tsofaffin da suka fara jin ta ma da yawa sun tafi wurin Ubangiji. Muna roƙo ka zaga tare da mu ka ga ginin kafin ka tashi, ka faɗa mana lokacin da za a kai maganar gaban majalisa, ka kuma ba mu mutum ɗaya a ofishinka da za mu riƙa tuntuɓa. Takardar roƙon, da sa hannun dukan fastoci da dattawa, tana hannun sakataren gunduma, zai miƙa maka ita da zarar an gama wannan jawabi.

Allah ya albarkaci ziyararka, ya kiyaye ka da Mama da dukan 'yan rakiya, ya mai da ku gida lafiya, cikin sunan Yesu. Amin.

Mu ne 'ya'yanka cikin Ubangiji,
Kwamitin Tarbar Baƙi, a madadin Majalisar Gunduma da dukan masu bi.