Kan jirgi na shaƙewa: dikoda ce ko ƙurar hunturu?

Assalamu alaikum jama'a, daga nan Garwa ta Kamaru. Ku kasa kunne ga wannan ɗan kan jirgin ƙasa na wasa, mai aiki da lantarki. Inji ya tashi, yana ruri kamar na Camrail, kamfanin jirgin ƙasan Kamaru, zai bar tashar Ngaundere, ya ɗan matsa, sai ɗif! Ga shi kuma ya sake tayar da injin daga farko. Wani abokina ya ce dikodar, wato 'yar na'urar cikinsa da ke karɓar umarni tana ba da sauti, ta ƙone, in yi odar sabuwa daga Faransa. Na ce a'a, bari mu gani tukuna.

A tsarin DCC, wato sarrafa jiragen wasa da umarnin dijital, wuta da umarni hanyarsu ɗaya: ƙarfen layi, sannan ƙafafun jirgi. Dikoda mai sauti kuwa ƙaramar kwamfuta ce. Wuta ta yanke mata ko da na ƙiftawar ido ne, ta manta inda take. Motar lantarkin da ke juya ƙafafun jirgin takan tsallake wurin da saurin da ta riga ta ɗauko, sautin ne ke tona asiri.

Ku dubi wannan farin ƙyallen. Na jiƙa shi da alkol isofurofil, na goga layin sau ɗaya tak. Kun ga baƙin? Jiya fa da magariba na share shi, taga a rufe. Aikin hunturu ke nan. Kada ku sa samfefa, tana karce ƙarfen, datti ya samu gidan kwana. Ƙafafun kuma, ku shimfiɗa ƙyallen a layi, ku ɗora rabinsu a kai, ku riƙe jirgin ku ba shi wuta su goge kansu. Sai ku leƙa siraran tagullan da ke shafar bayan ƙafa. Ga abin da na zaƙulo da tsinke: zaren darduma, ya naɗe gatarin.

Idan jirginku yana zabura a guje duk sanda aka dawo da wuta, wannan wata cuta ce daban. Dikodar ta ɗauka layin analog ne, wato tsohon tsarin da ƙarfin wuta kaɗai ke sarrafa gudu. Ku karanta CV29, ɗaya daga cikin gurabun saitin dikoda, in analog a kunne yake ku rage 4 daga lambar.

Jirgin da ke aiki minti goma ya yi shiru, ya huta ya dawo, zafi ne. A watan Afrilu Garwa na haura digiri 40, balle cikin wannan ɗan akwatin. Ku kwance salatif ɗin da kuka naɗe dikodar da shi, ta sha iska.

In duk ya ƙi, a dikodar kamfanin ESU ku rubuta 8 a CV8, ta koma yadda ta fito daga kamfani, adireshinta 3. Ku fara kwafe saitinku a takarda. Ni ban yi ba a karon farko, na kwana ina neman ƙarar hon.

Kafasita mai riƙe wuta tana taimakawa a mahaɗar layi, amma sai bayan an yi shara.

To, bismillah, mu ba shi wuta. Ga mahaɗar da yake mutuwa ɗazu. Ya wuce.